Mai Wankin da Ba a San Sunanta Ba

Amsterdam, Afrilu 1978

Zuwa ga yayata, Sisa Hertha,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Humphrey da yara. Yaya ƙafar taki? Kina shafa man da na aiko, ko kin rabar wa maƙwabta kamar yadda kika saba? Ni lafiya lau, sai murar da ta ƙi sakina tun shigowar sanyi. Karatun jinya yana tafiya daidai.

Sisa, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Ranar Asabar ba ni da aiki, sai ƙawata Trudy, 'yar garin Nickerie na ƙasarmu Suriname da muke ɗaki ɗaya, ta matsa sai na raka ta gidan adana zane-zane. Na bi ta ne kawai don ana ruwa kuma cikin ginin akwai ɗumi. Muka yi ta wuce Turawan da suka mutu tun zamanin kakanni, kowa da wuyan riga kamar faranti, Trudy tana raɗa musu sunayen malamanmu ina dariya. Muna shiga ɗakin ƙarshe dariyar ta ɗauke.

Mahaifiyarmu, Ma, na gani a jikin bango.

Tana durƙushe gaban baho, hannayenta cikin kumfa, ta waiwayo kamar wani ya kira ta. Tabon ƙunar nan na wuyan hannunta yana nan. Mangwaron bayan gidanmu na Frimangron yana nan. Ban taɓa ganin Ma da ƙuruciya haka ba, amma ko cikin duhu zan gane wannan waiwayen.

A gefe akwai ɗan allo. An rubuta: "Mai wanki, ba a san sunanta ba. Aikin Reinier Olieberg." A ƙasa kuma an ce maraya ne ɗan Paramaribo, ya zo ƙasar nan shi kaɗai, bai bar kowa a baya ba.

Wata tsohuwar Baturiya da ke kusa da ni ta ce wa mijinta, "Dubi haƙuri a fuskarta, mutanen nan akwai haƙuri." Na ruga banɗaki na yi amai.

Sunan ubanmu ne, amma ni ban san mutumin nan ba. Ma cewa take ya tafi karatu, ke kuma da an ambace shi sai ki tashi ki hau shara. Yanzu ba zan yarda da shara ba. Ki gaya mini komai. Mai gadin ɗakin ya ce yana raye, a unguwar Jordaan yake, bakin ruwa.

Ƙanwarki,
Wonny

Paramaribo, Mayu 1978

Wonny,

Mun gode Allah, kowa lafiya. Ƙafa da sauƙi. Ɗana Glenn ya faɗo daga bishiya amma kansa ya fi ƙasar tauri. Ki riƙa shan citta da lemun tsami.

Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin ƙofa, ban san na zauna a ƙasa ba sai da Humphrey ya zo ya ɗaga ni.

Ba a san sunanta ba! Shi da ya tsaya da ita a gaban fasto, ya sa mata zobe a gaban unguwa duka? Ina nan ranar da ya yi zanen nan, ina 'yar shekara goma. Wankin gidan likita take yi, kuma da wankin nan take saya masa fenti. Ta ce masa bayanta yana ciwo, ya ce, "Fina, kar ki motsa, hasken zai gudu." Ki koma ki duba cikinta da kyau. Ke ce a ciki. Bai jira an haife ki ba ya hau jirgin ruwa, ya naɗe zanen ya tafi da shi, ya ce shekara biyu zai yi ya aiko a ɗauke mu.

Da farko yana rubutowa. Daga baya shiru. Kin san Ma ba ta taɓa zaginsa ba. Amma ba ki san duk ranar da jirgin Holan ya iso sai ta wanke fuska ta ɗaura sabon ɗankwali ta zauna a baranda ba, don kina ƙarama, ni nake janye ki kar ki gani. Sa'ad da ciwon ƙarshe ya kama ta, kina makarantar kwana, yatsunta sun ƙage ba ta iya riƙe cokali. Ina ba ta kunu a baki ta ce, "Hertha, ko dai ba shi da lafiya ne a can?" Ita take mutuwa, lafiyarsa take tambaya.

To ga shi lafiyarsa lau, har ya rataye ta a bango Turawa suna yaba haƙurinta. Ni ba ni da wannan haƙurin, kuma ina fata ba ki gaje shi ba.

Ki nemo gidan. Ki gan shi da idonki. Kada ki faɗi ko ke wace ce, bai san sunanki ba, bai ma san mace aka haifa ko namiji ba. Ki rubuto mini abin da yake ci da inda yake kwana. Ina so in san me ya musanya mu da shi. Daga nan mu san ta inda za mu kama shi.

Yayarki,
Hertha

Amsterdam, Yuni 1978

Sisa Hertha,

Ina gaishe ki da kowa da kowa. Ki ja wa Glenn kunne a madadina. Mura ta tafi, rana ta fito, Turawa duk sun tuɓe sun baje a kan ciyawa kamar an shanya kifi.

Na koma na duba cikin Ma. Na gan ni.

Na kuma nemo gidan. Unguwar tsit take, ruwa a tsakiya, bishiyoyi a gefe da gefe, gidaje dogaye sirara sun jingina da juna kamar tsofaffi a layin asibiti. Wasu a cikin jiragen ruwa ma suke zaune, da tukwanen furanni da kyanwa a kan rufi. Ruwan ba ya ko motsi. Sisa, wuri ne mai kyau, kuma kyan nan nasa ne ya fi ƙona mini rai.

Kin san ba sa sa labule. Na tsaya a kan gada ina kallon cikin falonsa kamar sinima. Ya yi ƙiba, gemu ya yi fari, yana zaune da lofe a baki. Matarsa Baturiya ce, doguwa, sunanta Annelies, ta kawo masa shayi ya karɓa bai ko ɗago kai ba. Ba su da yara. Akwai kare, kuma karen yana da katifarsa.

Lahadi uku ina zuwa. A ta ukun matar ta fito da karen ta same ni a kan gada.

"Ke 'yar Suriname ce? Na sha ganinki a nan."

Na ce eh, ɗaliba ce ni, na ga zanen maigidanta ne ya tuna mini da gida, amma kunya ta hana ni ƙwanƙwasawa. Da ta tambayi sunana na ari sunan mahaifin Trudy na ba ta.

Ta kama hannuna tana murna. "Wayyo, zai ji daɗi! Ba shi da kowa, kin sani. Duk danginsa sun rasu tun yana yaro. Ki zo cin abinci Lahadi mai zuwa."

Duk mun rasu, Sisa. Ina yi miki ta'aziyyar kanki.

Ban sani ba ko zan iya haɗiye loma a gidan nan, amma zan je. Kin sha cewa fuskarsa na ɗauko ba ta Ma ba. Mu gani ko zai gane kansa.

Wonny

Amsterdam, Yuli 1978

Sisa, gaisuwa a gurguje, jarrabawa ta sa mu gaba, daga nan kuma za a tura mu wani asibiti a ƙauye. Na je. Na ci abinci a teburinsa, har ya rungume ni da zan tafi. Ya ce daga yau in ɗauke shi uba, na ce na ɗauka. Komai yana tafiya yadda nake so. Zan rubuto.

W.

Paramaribo, Yuli 1978

Yvonne, yau ba zan ce miki Wonny ba,

Muna lafiya, in har lafiyarmu tana cikin abin da ya dame ki.

Katinki ya iso. Na ba Humphrey ya karanta mini ko idona ne ya lalace, ya karanto abin da na gani.

Kin ɗauka! Loma nawa ya ba ki? Na ce kada ki faɗi ko ke wace ce, kika je kika zube masa, ya rungume ki, shi ke nan an gama. Da ma na san za a yi haka. Tun kina ƙarama kike leƙen uban mutane. Ranar rabon sakamako ke ce mai tsayawa kina kallon 'yan ajinku da iyayensu maza, ni ina tsaye a gefenki da takalmin aro, ba ki ko ganina. Ni na bar makaranta na hau keken ɗinki don ki yi karatu. Ni na wanke gawar Ma. Ke kika samu uba mai gida a bakin ruwa.

To Allah ya sanya alheri. Ki ce ya zana ki ke ma, ya rubuta ba a san sunanki ba.

Na ɗinka miki riga da ɗankwali irin namu, shuɗi, na riga na ba gwaggo Tante Jet da za ta taho Holan kafin katin ya zo. Da na sani da na yanka shi na yi tsumman goge ƙasa. In ya iso ki shimfiɗa wa karen.

Kada ki ƙara rubuta sunan Ma a takardar da za ki aiko gidan nan.

Hertha

Paramaribo, Satumba 1978

Wonny,

Shiru har yanzu. Tante Jet ta ce ta bar kayan a hannun ƙawarki, ba ta gan ki ba. Ban janye ko kalma ɗaya ba, amma ki rubuto ko layi ɗaya ne in san kina raye. Jiya na je kabarin Ma na cire ciyawa, na rasa abin da zan ce mata game da ke. Humphrey ya ce bakina ya cika zafi. In kin koma gidansa da zama ne, ki faɗa mini da kanki, kar in ji a bakin 'yan kasuwa.

Hertha

Amsterdam, Oktoba 1978

Sisa Hertha,

Ina gaishe ki, duk da ban san ko kin cancanci gaisuwa ba. Ina raye, ina lafiya, na ci jarrabawa. Wasiƙunki biyu tare na same su da na dawo daga ƙauye. Ta farkon ta sa ni kuka, sannan ta sa ni dariya har Trudy ta zaci na taɓu.

Ke dai ba ki da haƙurin karatu! Wa ya ce miki na faɗa masa? Bai san ni ba, Sisa. Ya zauna yana kallon hancinsa a fuskata bai gane ba. "Ɗauke ni uba a ƙasar nan," haka ya ce, irin abin da yake gaya wa duk ɗalibar da ta yaba aikinsa. Na yi masa magana da Sranan, yarenmu na gida, a teburi, ya yamutsa fuska ya amsa da Holanci, wai ya manta yaren, "ai ba yare ba ne, surutun kasuwa ne."

Na haƙura na yi ta zuwa don na ji Annelies ta ce gidan zane-zanen za su karrama shi. Shi da bakinsa ya ce, "Ki sa kayan gargajiya ki tsaya kusa da ni, 'yan jarida suna son irin haka." Rigar da kika ce in shimfiɗa wa kare, ita na sa.

An cika ɗakin, manya da kofunan giya a hannu. Ya tsaya gaban Ma yana bayani a kan haske da inuwa. Da ya gama aka ce ko akwai mai tambaya. Na ɗaga hannu.

"Wace ce matar nan?"

Ya yi murmushi. "Wata baiwar Allah ce a unguwarmu. Sunan ya ɓace mini, an daɗe."

Na juya na fuskanci mutane, na faɗa da Holancin da kowa zai ji: "Sunanta Adolfina Olieberg. Matarsa ce ta aure. Da wankin nan ta saya masa fentin da ya zana ta da shi. Ta mutu tana jiran jirginsa. Ku duba cikinta, ni ce a ciki. Yayata tana Paramaribo, ita ta ɗinka wannan rigar."

Ya buɗe baki ya ce, "Yarinyar nan ba ta da lafiya." Ba wanda ya kalle shi. Annelies suke kallo, ita kuma tana kallon fuskata, ta kalli tasa, ta sake kallon tawa. Ta ajiye kofinta a ƙasa, a kan daɓe, ta ce a hankali, "Reinier, ka ce mini duk sun mutu." Wani ɗan Suriname daga baya ya ɗaga murya da yarenmu, "Faɗa masa, 'yar'uwa!" Mai ɗaukar hoto kuwa sai aikinsa yake.

Ban jira ba. Na taɓa gefen zanen, mai gadi bai hana ni ba, na fita. Ga jaridar nan na sa miki a ciki. Jiya na koma, sun cire allon.

Ban yafe miki maganar leƙen uban mutane ba tukuna. Gaskiya ce, shi ya sa.

Wonny

Paramaribo, Nuwamba 1978

Ƙanwata, 'yar Ma,

Kowa lafiya, kuma ni yau na fi kowa lafiya a garin nan.

Ki yafe mini. Bakina ya riga hankalina, kin san hali. Ba zan tsawaita ba, kar in sake ɓata wani abu.

Jaridar ta zaga Frimangron gida-gida har ta yage. Na manna hoton a jikin keken ɗinkina. Kin ga bakinsa a buɗe kamar kifin da aka jefo kan tudu? Tsofaffin da suka yi wanki tare da Ma sun zo, na dafa musu pom, abincinmu na biki, da kaza, muka ci muka yi waƙa har fasto ya leƙo yana tambaya bikin wa ake yi. Na ce masa suna muke raɗawa.

Na je na gaya wa Ma. Na san da tana nan cewa za ta yi, "Haba yara, ai ubanku ne." Na ce mata ta yi haƙuri, wannan karon ba a nemi shawararta ba.

Amma ni bai ishe ni ba, Wonny. Kunyar yini ɗaya ce, gobe zai koma falonsa ya kunna lofe. Ma kusan shekara ashirin ta yi tana jira. In wata dama ta zo, kada zuciyarki ta yi laushi.

Yayarki,
Hertha

Amsterdam, Janairu 1979

Sisa Hertha,

Barka da sabuwar shekara, ke da Humphrey da yara. Na yafe. Sanyin bana ya wuce misali, ruwan unguwarsu ya daskare har yara suna wasa a kai. Ina lafiya.

Kin ce bai ishe ki ba. To saurara.

Makon jiya Annelies ta zo har asibitinmu ta jira ni a bakin ƙofa. Ta rame. Ta ce ba ta bar shi ba, amma tun ranar ɗaki daban take kwana. Kafin Kirsimeti ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da ya farfaɗo, Holancin ya tafi gaba ɗaya. Yana jin abin da ake faɗa, amma in ya buɗe baki Sranan ne kawai yake fita. Mun karanta irin wannan a makaranta, ban taɓa zaton zan gani a kansa ba. An kawo masa tafinta, ya juya fuska bango ya ƙi magana.

Ta ce, "Ba ni da bakin roƙonki. Amma kullum yana nuna ƙofa yana kuka, ni kuma ba na jin ko kalma ɗaya. Ki zo sau ɗaya ki gaya mini abin da yake so."

Na je ranar Lahadi da rana. An sauko masa da gado falo. Ya zama ɗan ƙarami, Sisa, baki a karkace, yawu yana zuba a gemu. Yana ganina ya miƙo hannun hagu. Ban karɓa ba, na ja kujera na zauna.

Ya yi magana, da irin Sranan ɗin tsofaffi, irin na Ma. Ya ce, "'Yata." Ya tambaya ko Hertha tana nan da wushiryarta. Ya ce bai taɓa manta sunan Fina ba, tsoro ne ya sa ya yi ƙarya tun farko, ƙaryar kuma ta yi girma ta fi ƙarfinsa. Ya ce in gaya wa Annelies ta yafe masa, in gaya mata kada ta bari a binne shi a ƙasar sanyin nan, a kai shi gida a kwantar da shi kusa da Fina. Ya maimaita har sau uku. Na bar shi ya gama, ban katse shi ba.

Annelies tana tsaye tana murza hannu. "Me ya ce? Don Allah me yake cewa?"

Na dube shi cikin ido, don na san yana jin Holanci sarai, na ce, "Ya ce ya gaji. A bar shi ya yi barci."

Ya fara girgiza kai, yana buga katifa da hannun mai lafiyar, wani sauti yana fita daga maƙogwaronsa. Ta sunkuya ta gyara masa bargo tana cewa, "To, to, ga shi za mu fita, yi barcinka." Ta raka ni har ƙofa, ta yi mini godiya, ta tambaya ko zan dawo. Na ce aiki ya yi mini yawa.

A kan gada na tsaya in ji ko zan yi kuka. Ban yi ba. Yunwa ma na ji, na sayi soyayyen dankali na cinye a tsaye.

Filin da ke gefen kabarin Ma naki ne da ni. Ki sa Humphrey ya kewaye shi.

Ƙanwarki,
Wonny